Daga Haikali Zuwa Littafi: Gabatarwa Kan Tarihin Yahudanci da Aƙidunsa da Ibadunsa

Akwai kalmomi da dama a bakin Bahaushe waɗanda suka danganci Yahudawa da addininsu, ko da yake ba kasafai mai furta su kan tsaya ya tuna da haka ba. Attaura da Zabura da Bani Isra'ila duk sun shigo mana ta hanyar Larabci da karatun Alƙur'ani. Ita kanta ranar Asabar daga as-sabt ta Larabawa muka aro ta, wadda tushenta ɗaya da shabbat ta Ibraniyanci, watau tsai da aiki. Haka nan duk wanda ya saba zama gaban mai tafsiri a watan Azumi ya taɓa jin an ce ƙissa kaza Isra'iliyya ce. Amma da za a tambayi ɗalibin jami'a yadda Bayahude yake ibada, ko littafin da yake buɗewa idan yana neman hukuncin wata mas'ala, da wuya amsarsa ta wuce ambaton Attaura. Daɗin daɗawa, kalmar Bayahude ta riga ta zama zagi a bakin jama'a, kalmar da ta zama zagi kuwa takan toshe ƙofar bincike.

Manufar wannan maƙala ita ce ta gabatar da tarihin wannan addini a taƙaice, tare da nuna abu guda wanda nake ganin shi ne mabuɗinsa: Yahudancin da ake bi a yau an tsara shi ne bayan shekara ta 70 Miladiyya, lokacin da Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus. Addinin da ya ginu a kan ɗaki ɗaya da hadaya da limaman gado ya koma addinin littafi da makaranta da malaman fiƙihu. Zan kawo aƙidun kamar yadda masu su suka fahimce su. Muhawarar malaman tauhidi game da littattafan da suka gabata fage ne dabam, yana da nasa mazajen.

Zamanin Haikali

Yahudawa suna danganta asalinsu ga Annabi Ibrahim da Is'haƙa da Yaƙubu (A.S.), suna kuma ɗaukar fitarsu daga Masar a ƙarƙashin Annabi Musa (A.S.) da karɓar Attaura a Dutsen Sina'i a matsayin mafarin zamansu al'umma mai alkawari da Allah. A wajen littattafan addini, shaida mafi tsufa da ta ambaci Isra'ila ita ce wani rubutaccen dutse na Fir'auna Marnafta, na wajen shekara ta 1208 kafin Miladiyya (K.M.), wanda aka tono a Masar a 1896. A 1993 kuma aka sami wani guntun dutse a Tel Dan, na ƙarni na 9 K.M., mai ambaton gidan Dawuda.

Bayan Annabi Sulaimanu (A.S.), wanda ya gina Haikalin farko a Ƙudus, masarautar ta rabu biyu. Ta arewa, mai suna Isra'ila, Assuriyawa suka cinye ta a 722 K.M., mutanenta suka watse. Ta kudu ita ce Yahuza, mai ɗauke da sunan ɗaya daga cikin 'ya'yan Yaƙubu, kuma daga nan ne sunan Yahudu ya samo asali. A 586 K.M. Bukhtanasar sarkin Babila ya ƙone Haikali ya kwashe manyan ƙasar zuwa bauta. A al'adar wancan zamani, al'ummar da aka ci da yaƙi takan ɗauka abin bautarta ne aka kayar, sai ta bi na mai nasara. Annabawan Bani Isra'ila irin su Irmiya da Hizƙilu suka karanta al'amarin ta wata fuska: Allah Shi ne Ya sallaɗo Babila a kansu saboda saɓa alkawari, kuma Yana tare da su ko'ina aka kai su. Wannan fahimta ita ta hana su narkewa cikin Babiloniyawa.

Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539 K.M., ya ba su izinin komawa, aka kammala Haikali na biyu wajen 516 K.M. A ƙarni na 5 K.M. wani malami mai suna Ezra, wanda masu tafsiri da yawa suke ɗauka shi ne Uzairu, ya tara jama'a a Ƙudus ya karanta musu Attaura a bainar jama'a, ana fassara musu. Daga nan littafi ya fara samun gindin zama kusa da bagade. Ba duka aka koma ba. Da yawa sun zauna a Babila, wasu kuma daga baya suka cika Iskandariyya, inda aka fassara Attaura zuwa Girkanci a ƙarni na 3 K.M. domin jikokin da Ibraniyanci ya kuɓuce musu.

Ya kamata mai karatu ya gane girman matsayin Haikali a wannan zamani, domin sai da haka zai gane girman rashinsa. A doka, nan kaɗai ya halatta a yi hadaya. Kullum ana yanka 'yan raguna biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma, a madadin al'umma duka. Limamansa, waɗanda ake kira kohanim, gado suke yi daga zuriyar Annabi Haruna (A.S.), ilmi ko tsoron Allah ba su mai da mutum kohen. Sau ɗaya tak a shekara, a Ranar Kaffara, babban limami yake shiga ƙuryar ɗakin ya nema wa jama'a gafara. Sau uku a shekara ake yin ziyara daga ko'ina, kowane baligi kuma yana biyan rabin shekel na azurfa duk shekara don hidimar ɗakin. Sa'ad da sarkin Girkawa Antiyokus na Huɗu ya ƙazantar da shi a 167 K.M., gidan Makabi suka ɗauki makami har suka ƙwato shi a 164 K.M., abin da ake tunawa da shi har yanzu da idin Hanuka. Rumawa sun shigo a 63 K.M., Hirudus kuma, wanda suka naɗa sarki, ya faɗaɗa ginin ƙwarai daga wajen 20 K.M. Bangon da ake gani a yau ana addu'a a gabansa ragowar katangar da ta tallabe harabar Hirudus ce.

A ƙarshen wannan zamani Yahudawa sun kasu ƙungiya-ƙungiya, kamar yadda marubucinsu Yusifus ya bayyana. Sadukiyawa su ne manyan limamai da masu hannu da shuni. Rubutacciyar Attaura kaɗai suka yarda da ita, sun kuma musanta tashin ƙiyama. Farisiyawa malamai ne na cikin jama'a; sun yarda da tashin ƙiyama da kuma hadisan da aka gada baki da baki. Akwai Isinawa masu ƙaurace wa duniya, waɗanda galibin masana ke danganta musu naɗaɗɗun littattafan da aka fara ganowa a kogunan Ƙumran a 1947. Akwai masu ra'ayin yaƙar Rum. Mabiyan Annabi Isa (A.S.) na farko ma a cikin wannan yanayi suka taso.

Shekara ta 70 da abin da ya biyo baya

Tawaye ya ɓarke a shekara ta 66. A shekara ta 70 Titus, ɗan sarkin Rum, ya ci Ƙudus bayan doguwar tsarewa, aka ƙone Haikali. Har yau a birnin Rum akwai wata ƙofar tunawa da wannan nasara, an sassaƙa hoton sojoji ɗauke da alkukin Haikali mai rassa bakwai. Harajin da ake biya wa ɗakin aka juya shi zuwa ga ɗakin gunkin Jufita. Tawaye na biyu a ƙasar, na Bar Kokba, daga 132 zuwa 135, ya ƙare da ɓarna mafi muni: an kashe babban malaminsu Akiba, an mai da Ƙudus birnin Rumawa da sabon suna, an hana Yahudawa zama a cikinsa.

Sadukiyawa sun tafi tare da Haikali, don ba su da wani abin riƙo bayansa. Waɗanda suka saura da abin cewa su ne magadan Farisiyawa, malaman da ake yi wa laƙabi da rabbi, watau "malamina". Ruwayarsu ta ce Yohanan ɗan Zakkai almajiransa ne suka fitar da shi daga Ƙudus a cikin akwatin gawa lokacin tsarewa, ya je gaban kwamandan Rumawa, bai roƙi komai ba sai a bar masa garin Yabne da malamansa. Masu binciken tarihi suna ganin an yi wa labarin ado, amma babu gardama cewa a Yabne aka fara sabon gini. Abin da malaman suka yi shi ne nema wa kowane rukuni na Haikali madadi wanda za a iya ɗauka a tafi da shi. Addu'ar safe da ta yamma suka tsaya a lokutan hadayun nan biyu. Tuba da sadaka da kyautata wa mutane suka ɗauki matsayin kaffara. Teburin cin abinci na gida aka kamanta shi da bagade. Karanta hukunce-hukuncen hadaya aka ce yana daidai da yin ta. Jagoranci kuma ya tashi daga hannun mai gado ya koma hannun mai karatu, ko ɗan wane ne. Zuriyar kohanim suna nan har yanzu, sunan Kohen da ake ji a tsakanin Yahudawa nasu ne, amma abin da ya rage musu ɗan fifiko ne kawai, kamar fara kiransu wajen karatun Attaura da sa wa jama'a albarka.

Attaura biyu

Littafin Yahudawa mai tsarki suna kiransa Tanak, ya ƙunshi littattafai 24 cikin kashi uku. Kashi na farko shi ne Attaura, littattafai biyar. Na biyu Annabawa. Na uku Rubuce-rubuce, inda Zabura take da surorinta 150. Asalin rubutun baƙaƙe ne zalla. Malaman Ɗabariyya ne suka sanya masa wasula da alamomin ƙira'a tsakanin ƙarni na 7 da na 10. Cikakken kwafe mafi tsufa na wannan tsari, wanda ke ajiye a Rasha, an rubuta shi a Alƙahira wajen 1008.

Amma a wurin malaman, Attaura biyu aka bai wa Musa a Sina'i, rubutacciya da ta baka, kuma ba a aiki da ta farko sai da ta biyu. Rubutacciya ta hana aiki ranar Asabar, ba ta ƙayyade mene ne aiki ba. Ta ce ido a bakin ido, ta baka ta ce diyya ake nufi. Suna da silsilar da suke jerawa ta waɗanda suka karɓi wannan ilmi, daga Musa zuwa Yusha'u zuwa dattawa zuwa annabawa har zuwa kansu. Ɗalibin hadisi zai ga kama da isnadi, ko da yake ba su da ilmin tantance maruwaita irin namu.

Wajen shekara ta 200 Yahuza ha-Nasi ya tattara wannan ilmi a Galili cikin littafin Mishna, mai kashi shida da babi-babi 63: noma da addu'o'i, idodi, aure da saki, diyya da shari'a, hadayu, sa'an nan tsarki. Abin lura a nan shi ne kashi biyu cikin shidan, na hadayu da na tsarki, galibinsu hukunce-hukuncen Haikali ne, ɗakin da ya yi shekara 130 a rushe kafin a rubuta littafin. An bayyana inda limami zai tsaya da yadda zai yayyafa jini dalla-dalla, sai ka ce gobe za a buɗe ƙofa. A ganina babu wata shaida da ta fi wannan nuna yadda ginin dutse ya koma ginin kalmomi.

Malaman da suka biyo baya sun yi ƙarnoni suna tattauna Mishna jumla-jumla, galibi da harshen Aramiyanci. Tarin wannan tattaunawa tare da matanin shi ne Talmud. Akwai na ƙasar Falasɗinu, wanda aka rufe wajen shekara ta 400, akwai kuma na Babila, daga makarantun Sura da Fumbadita a Iraƙi ta yau, wanda aka kammala wajen ƙarni na 6. Na Babila shi ya yi rinjaye. Wanda ya karanta Mukhtasar da sharhinsa da hashiyarsa a zaure ba zai ruɗe da fasalin shafin Talmud ba: matani a tsakiya, sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, a gefe ɗaya, na magadansa a ɗaya gefen. Wannan fasali ya kafu ne daga bugun Benis na 1520 zuwa 1523. Sai dai Talmud bai yi kama da Mukhtasar wajen taƙaitawa ba. Muhawara ce ake rubutawa yadda ta gudana, wane ya ce, wane ya kawo suka, aka ba da amsa, aka shiga wani labari, aka dawo. Sau da yawa a bar magana ba a yanke ba. Makarantar Hillel da ta Shammai sun saɓa a mas'aloli sama da 300, aka ɗauki fatawar Hillel a galibi, duk da haka ba a share ta Shammai ba, ana karanta ta har yau. Littafin yana da waraƙa 2,711. Tun 1923 akwai tsarin karanta waraƙa ɗaya kullum a duk faɗin duniya, ana saukewa cikin kimanin shekara bakwai da rabi.

Dokar da ta fito daga wannan karatu sunanta halaka, daga tushen da ke nufin tafiya, kamar yadda kalmar shari'a take nufin hanya. Malaman sun ƙidaya umarni 613 a cikin Attaura, 248 na aikatawa, 365 na hani. Da yawa daga cikinsu ba su yiwuwa sai da Haikali.

Aƙida

Yahudanci ya fi damuwa da abin da mutum yake aikatawa bisa ga abin da yake furtawa, shi ya sa aka daɗe ba a jera rukunan imani ba. Tushen dai tauhidi ne. Safe da dare Bayahude yana karanta wasu ayoyi daga littafi na biyar na Attaura, waɗanda ake kira Shema, masu shaida kaɗaitakar Allah. Su ake so su zama kalmarsa ta ƙarshe a duniya. Sunan Allah mai baƙaƙe huɗu ba a furta shi. Limamai kaɗai ke ambatonsa a Haikali, da ɗakin ya tafi sai lafazin ya ɓace, ana cewa Adonai a addu'a, a magana kuma "Sunan" kawai. Wanda ya jera rukunai 13 da suka shahara shi ne Musa ɗan Maimun a ƙarni na 12, da Larabci kuma ya rubuta su: samuwar Allah, kaɗaitakarsa, rashin jiki, annabci, fifikon Musa a kan annabawa, rashin shafe Attaura, sakamako, zuwan Almasihu, tashin matattu, da sauransu.

Almasihun da suke jira mutum ne, sarki daga zuriyar Dawuda, wanda zai tattaro warwatsattsu ya sake gina Haikali, zaman lafiya ya game duniya. Tun da ba su ga haka ta auku ba, ba su karɓi Isa (A.S.) ba. An yi masu da'awa da yawa. Wanda ya fi girgiza su shi ne Shabbatai Zebi, wanda dubbai suka bi a 1665, amma da aka gurfanar da shi a fadar Sarkin Musulmi na Usmaniyya a 1666 sai ya musulunta. Batun zaɓaɓɓiyar al'umma kuwa malamansu suna fassara shi da ɗaukar nauyin dokokin nan 613. Sauran 'yan Adam dokoki bakwai na 'ya'yan Nuhu ke kansu, irin su barin shirka da kisa da sata da zina da kuma tsai da shari'a, wanda ya kiyaye su yana da rabo a lahira. Wannan ne ya sa ba su fita wa'azin jawo mutane. Bayahude a doka shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce, ko wanda ya shiga addinin a gaban kotun malamai.

Ibada a gida da majami'a

Ana addu'a sau uku a yini, safe da la'asar da dare, ana fuskantar Ƙudus, alƙiblar da Musulmi ma suka fuskanta har watanni 16 ko 17 bayan Hijira. Jam'i ba ya ƙulluwa sai da baligai goma. Ɗakin taronsu, wanda Hausar Littafi Mai Tsarki ta kira majami'a, ba shi da bagade. Abin da ke gabansa akwati ne da ake ajiye Attaura, rubutun hannu a kan fata, a naɗe. Ana karanta ta Litinin da Alhamis da Asabar, a sauke ta sau ɗaya a shekara.

Asabar tana shiga da faɗuwar rana ta Juma'a, ta fita da bayyanar taurari a daren Lahadi. Uwargida ke kunna kyandir, maigida ya yi addu'a a kan giyar inabi da gurasa, domin giya ba haram ba ce a wurinsu. Mishna ta lissafa nau'o'in aiki 39 da aka hana, kamar huɗa da girbi da saƙa da rubutu da kunna wuta, kuma malaman sun ciro jerin ne daga ayyukan da aka yi wajen kafa alfarwar ibada a zamanin Musa. Ko a hutun mako, ashe, inuwar ɗakin tana nan. Daga hana kunna wuta ne malaman zamani suka yi ƙiyasin hana tuƙa mota da kunna lantarki.

Dokar abinci ta fi tamu tsanani. Dabba ba ta halatta sai tana tuƙa kuma kofatonta a rabe yake. Saboda haka alade haram ne, raƙumi da zomo ma haka. Kifi sai mai ƙege da kamɓori, watau tarwaɗa ba ta shiga tukunyarsu. Wasu nau'o'in fara sun halatta, Yahudawan Yaman sun riƙe al'adar cinsu. Yanka sai ƙwararre, da wuƙa marar ko ɗan tsaro, sa'an nan a cire jini da gishiri. Ba a haɗa nama da madara, har kwanoninsu dabam-dabam ne. Ana yi wa yaro kaciya ranar takwas da haihuwa. Namiji yana ɗaukar nauyin doka a shekara 13, mace a 12. Aure yana da rubutacciyar takarda mai bayyana haƙƙin mace, saki ma sai da takarda daga hannun miji. Wajen shekara ta 1000 wani malami a Jamus mai suna Gershom ya hana Yahudawan Turai auren mace fiye da ɗaya, na ƙasashen Musulmi kuwa suka daɗe ba su bi wannan hani ba. A ƙarshen ɗaurin aure ango yakan taka kofin gilashi ya fasa, don tunawa da rushewar Haikali. Mamaci ana gaggauta binne shi, iyalinsa su yi zaman makoki kwana bakwai.

Kalandarsu ta wata ce, amma ana ƙara wata guda sau bakwai cikin kowace shekara 19 don idodi su tsaya a lokutansu na shekara. Idin Ƙetarewa yana tuna fita daga Masar. A da ragon hadaya ne cibiyarsa, yanzu liyafar dare ce a gida, da gurasa marar yisti, ƙaramin yaro yana tambaya ana ba shi labari, sai ɗan ƙashi gasasshe a faranti a madadin ragon. Bayan mako bakwai sai idin saukar Attaura, da kaka kuma idin Bukkoki. Sabuwar shekara ana busa ƙahon rago, kwana goma bayanta sai Ranar Kaffara, azumin kimanin awa 25 ba ci ba sha. Da yake ranar goma ga wata ce, masana da dama suna danganta ta da Ashura da Annabi (S.A.W.) ya tarar Yahudawan Madina suna azumta, ko da yake dalilin da hadisin ya kawo, watau tsirar Musa daga Fir'auna, ya fi kama da na Idin Ƙetarewa. Ranar tara ga watan Ab azumin baƙin ciki ne na rushewar Haikalin duka biyu.

Tsakanin Musulmi da Kirista

Bayan buɗe ƙasashe a ƙarni na 7, galibin Yahudawan duniya sun sami kansu a ƙarƙashin daular Musulunci a matsayin ahlul zimma, suna biyan jiziya, suna da kotunansu. Faɗin daular ne ya kai Talmud na Babila har Andalus, don daga ko'ina ana aiko wa shugabannin Sura da Fumbadita tambayoyi suna mayar da fatawa. An sami masu tawaye, Ƙara'iyawa, waɗanda suka ce Tanak kaɗai, kamar yadda wasu a cikinmu suke cewa Alƙur'ani zalla. Wanda ya fi yi musu raddi shi ne Sa'adiya al-Fayyumi (882–942), wanda ya fassara Attaura zuwa Larabci ya kuma rubuta littafin aƙida bisa tsarin malaman kalam. Ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba a 1138, iyalinsa sun gudu daga tsananin Muwahhidun, ya ƙare likita a fadar Ayyubawa a Masar, ya rasu a 1204. Ya tsara dokar duka cikin juzu'i 14 da Ibraniyanci, har da hukunce-hukuncen Haikali, ya rubuta Dalalatul Ha'irin da Larabci. Ya yi fatawa cewa tauhidin Musulmi ba shi da gauraye, a wasiƙarsa ga Yahudawan Yaman kuma ya koka ƙwarai da ƙasƙancin da suke sha. Duka biyun gaskiya ne game da wancan zama. A Turai ta Kirista abin ya fi muni: kisan gilla a garuruwan kogin Rayin a 1096, ƙona Talmud a Faris a 1242, kora daga Ingila a 1290, daga Sifen a 1492. Da yawa daga korarrun Sifen daular Usmaniyya ce ta karɓe su, a cikinsu kuma aka sami Yusuf Karo, wanda littafinsa Shulhan Aruk, bugun 1565, ya zama madogarar fatawa har yau.

A nan ne tarihin ya taɓo namu. Yahudawan Magrib suna cikin fataucin Sahara; taswirar nan ta 1375 mai hoton Mansa Musa riƙe da zinariya ana danganta ta ga wani Bayahuden tsibirin Mayorka, Ibrahim Kreskes. A Tuwat, zangon ayarin da ke zuwa ƙasar Sudan, akwai tsohuwar al'ummarsu a garin Tamanɗiɗ. Shehu Muhammadu al-Magili ya yi fatawa cewa sun warware alkawarin zimma, a rushe majami'arsu. Alƙalin Tuwat, al-Asnuni, ya ƙi, aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis, suka rabu biyu. Al-Wansharisi ya tattara amsoshin a cikin Mi'iyar. Wajen 1492 aka rushe majami'ar, aka kashe wasu, saura suka watse. Shi ne al-Magilin da ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafin sarauta, ya je Katsina, ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Hasan al-Wazzan, wanda ya ziyarci Tambutu a farkon ƙarni na 16, ya ce an hana Yahudawa zama a cikinta. Ɗalibanmu sun san fatawar al-Magili, kaɗan ne suka san cewa malaman Malikiyya irinsa sun saɓa masa a lokacin.

Zamanin nan

Faransa ta ba Yahudawa 'yancin zama 'yan ƙasa a 1791, sauran Turai suka bi sannu a hankali, sai tambaya ta taso: wanda ya zama Bafaranshe ko Bajamushe, me zai yi da addu'ar komawa Ƙudus? Masu ra'ayin gyara suka buɗe ɗakin ibada a Hambug a 1818, suka kira shi Haikali da gangan, suka rage addu'o'in maido da hadaya. A Amurka a 1885 suka bayyana cewa ba su jiran komawa Falasɗinu. 'Yan gargajiya suka riƙe halaka yadda take, wasu kuma suka tsaya tsakani. A ɓangaren gyara aka fara naɗa mace rabbi, a Jamus a 1935, a Amurka a 1972.

Sahyoniyanci, wanda Tiyodo Hazil ya kafa wa ƙungiya a taron Basel na 1897, harkar siyasa ce wadda galibin jagororinta na farko ba masu ibada ba ne, manyan malamai da yawa kuma suka yi adawa da ita bisa hujjar cewa komawa aikin Almasihu ne. Kisan Yahudawa kimanin miliyan 6 da gwamnatin Nazi ta yi a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya shafe manyan makarantun Talmud na gabashin Turai, ya sauya ra'ayin mafi yawansu. An kafa Isra'ila a 1948, a yaƙin da ya raba Falasɗinawa kimanin 700,000 da gidajensu, rikicin kuma bai ƙare ba. Yahudawan duniya a yau kimanin miliyan 15 zuwa 16 ne, mafi yawa a Isra'ila da Amurka. Akwai ƙungiyoyin gargajiya irin su Satmar da har yanzu ba su yarda da halaccin ƙasar ta fuskar addini ba. Bayan Isra'ila ta mamaye gabashin Ƙudus a 1967, manyan malamanta suka yi fatawar hana Bayahude shiga harabar da Masallacin Aƙsa yake, don rashin tsarkin da doka ta shar'anta, ko da yake wasu ƙungiyoyi sun saɓa wa fatawar suna shiga.

Akwai al'ummu biyu da ba su bi ta Yabne ba, kuma su ne ke nuna mana yadda abin yake kafin malaman Talmud. Samariyawa, waɗanda ba su kai dubu ɗaya ba, littattafan Musa biyar kaɗai suka sani, limamansu na gado ne, har yanzu suna yanka ragunan Idin Ƙetarewa a Dutsen Garizim kusa da Nablus. Beta Isra'ila na Habasha kuwa sun rayu ƙarnoni ba Mishna ba Talmud, littafinsu da harshen Ge'ez, jagororinsu limamai ne da ake kira kes, suna kuma yin hadaya. Babban malami Obadiya Yusuf ya yi fatawa a 1973 cewa Yahudawa ne, aka kwaso dubbansu da jirage a 1984 da 1991. Da suka iso sai hukumar malamai ta nemi su yi wankan shiga addini don kawar da shakka, abin da ya kai su zaman dirshan a gaban ofishinta a Ƙudus a 1985. Idinsu na Sigd, wanda a Habasha suke hawa dutse da azumi suna sabunta alkawari suna roƙon komawa Ƙudus, majalisar dokokin Isra'ila ta sanya shi cikin idodin ƙasa a 2008.